Kuskuren da Ya Kasa Isowa Tanut

Jiya na mayar wa Nasiru da aikinsa na ce ya sake, sai ya dube ni ya ce, "Haba Tanti Rabi, ai ɗan ƙaramin abu ne. Shafi yana buɗewa, oda tana tafiya, me kuma ya rage?" Sauranku kuka sunkuyar da kai kuna murmushi, a zatonku ban gani ba. Na gani sarai. Na kuma san abin da ake faɗa in na fita salla: tsohuwa ta fara rikicewa, ta bar babban aiki ta tsaya faɗa a kan saƙon kuskure. To, tunda in na yi magana da baki muryata tashi take yi, ku kuma kunnuwanku su toshe, bari in rubuta muku. Ku karanta a wayoyin nan naku da ko banɗaki ba ku shiga sai da su.

Ga abin da Nasiru ya yi, don wanda bai duba ba. Manhajar da muke yi wa ɗakunan shan magani na ƙauyuka gida biyu gare ta. Akwai shafin da ma'aikaciyar jinya ke buɗewa a Falanko ko Tarka, akwai kuma sabar, babbar na'urar da ke zaune nan Damagaram tana riƙe da bayanin ma'ajiya. Shafi ya yi kira, sabar ta amsa. In abu ya ƙi, sabar takan jefo abin da aka koya muku a lakwal, wato makaranta, da sunan eksepsiyon, ni kuwa kuskure nake ce masa. Nasiru ya ƙera wa kuskurensa aji na musamman, wato mazubin da ke riƙe bayaninsa, kuma ban raina ba, ya yi kyau. Ya sa sunan maganin da ya ƙare, ya sa ma'ajiya mafi kusa da ke da shi. Ya gwada a kan na'urarsa, inda shafi da sabar suke ciki ɗaya, ya fito tsaf. Abin da bai yi ba shi ne shirya kuskuren yadda zai iya tafiya a waya. Da na yi kiran da wata na'ura daga ɗaya ɗakin, sunan magani bai zo ba, sunan ma'ajiya bai zo ba. Layi ɗaya ya zo: an samu matsala, a sake gwadawa. Na san layin nan tun kafin a haifi Nasiru, kuma ba ma shiri da shi.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. A ƙarshen shekarun saba'in, ina fitowa daga lakwal, aka ɗauke ni mai buga takarda a biro, wato ofishin wani furoje, aikin agaji da ke kula da fanfunan ruwan makiyaya a Tanut. Kayan aikina injin bugu ne mai nauyin turmi, da takardar karbon, da tsohon burushin haƙori na goge haruffa. Harafi ɗaya kullum maƙalewa yake, sai na sa farce na ɓamɓaro shi. In ka yi kuskure a layin ƙarshe, babu maɓallin da zai cece ka, daga farko za ka sake. Ku da ke kuka in na'ura ta ɗan yi jinkiri, da kun yi sati a wannan kujera da kun koma noman gero.

A kusurwar biron akwai rediyon magana, da mai kula da shi, Malam Mamman, tsohon soja dogo wanda shuuu ɗin rediyo ya cinye wa kunne ɗaya. Shi ya koya mini sana'ar da nake ci har yau, ko da yake bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Na tuna wata rana da rana tsaka wani direbanmu ya kira daga daji yana cewa, "Mota ta lalace, a taimaka." Malam Mamman ya daka masa tsawa har sai da na saki takarda.

"Wace mota? A ina? Me ya lalace a cikinta? Akwai ruwa tare da ku ko babu? Kai, in ba ka faɗa mini ba, me zan aiko maka, addu'a?"

Da ya ajiye abin magana ya juyo ya ce mini, "Ke Rabi, ki ji. In labari mai daɗi ne, ko rabi ya iso ba a yi asara ba. Marar daɗi kuwa sai ya zo da sunansa, da inda ya faru, da abin da za a yi. In ya zo tsirara, gara bai zo ba." Daga ranar ya riƙa zaunar da ni kusa da shi. Duk saƙon da na karɓa sai na maimaita wa mai aikowa, sannan in maimaita wa Malam Mamman a kunnensa mai ji.

Mutanen gari ba su cika son sa ba, kuma na san dalili. Mu a Damargu, ƙasarmu ta Tanut, ba mu faɗin mugun labari kai tsaye. Mutum ya rasu tun safe, a aika wa ɗansa a ce ya zo jikin baba ya yi tsanani. Ka je neman abu babu shi, ba za a ce maka babu ba, sai a ce ka yi haƙuri ka leƙo gobe. A gida wannan kunya ce da tausayi, ni ma da ita aka rene ni, ban kuma ce a daina ba. Malam Mamman ne kawai ya ƙi shigo da ita cikin rediyo. Shi in babu, babu zai ce, ko gaban wa.

Bayan babban farin nan na shekarun tamanin da ya watsa garake, furojenmu ya samu na'urori biyu. Aka kafa ɗaya a babbar ma'ajiyar kayan fanfo a Damagaram, ɗaya a Tanut a kan teburina, tunda ni ce na saba da maɓallai. Allonta kore ne, faifanta kamar fai-fai na rufe ƙwarya, ba ta tashi sai an kunna janareto. Aka haɗa ta da rediyon Malam Mamman ta wani ɗan akwati da ke mayar da rubutu ya zama ƙara. In makaniki yana son wani ƙarfe, in buga lambarsa, tawa ta kira ta Damagaram, ta Damagaram ta duba ta amsa. Abin da kuke kira kira daga nesa kuna hura hanci kamar ku kuka ƙirƙiro shi, mun yi shi da rediyo da batirin mota.

Wanda ya rubuta wa na'urorin umarni wani injiniya ne ɗan Damagaram, Laminu, mutum mai ilimi da natsuwa. Da ya zo kafawa ya nuna wa Daraktanmu saƙonnin da allo zai riƙa fitarwa. Darakta mutumin kirki ne, irin waɗanda ko za su kore ka sai sun tambayi lafiyar iyalinka. Ya karanta saƙon gazawa, wanda Laminu ya rubuta a gajarce cewa buƙata ta gaza, ya girgiza kai.

"Injiniya, wannan ya yi tsauri. Mutanenmu za su tsaya a kan yarinyar nan tana karanta musu. Ba a ce wa baƙo babu a fuska. Sa musu magana mai laushi."

Laminu ya sa. Da Faransanci aka rubuta, amma ma'anarta ita ce a yi haƙuri, a sake gwadawa gobe. A watan nan kuma aka sallami Malam Mamman ya tafi hutawa, Darakta ya cire abin maganar rediyo ya kulle a durowarsa. Hujjarsa wai mutane na zuwa aika gaisuwa ga dangi suna cinye batir. Gaskiya ne suna yi, har da masu neman a tambayo musu farashin akuya. Amma da aka kulle shi, bakin da ya rage tsakanin Tanut da Damagaram na na'ura ne kaɗai.

Layin haƙurin nan ya yi mana aiki da farko, abin da ya cuce mu ke nan. Rediyo yakan yi hayaniya da zafin rana, saƙo ya karye a hanya, allo ya ce a sake gwadawa. In sake da sanyin safiya, ya wuce. Na gani ya faru ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har na yarda da layin kamar yadda ake yarda da maƙwabci mai cika alkawari.

Shekarar da nake son ku sani, damina ta yi gardama, bazara kuma ta zo da wuri. Injin wani fanfo da ke arewa da garin Tenhiya ya tsaya. Makaniki ya je ya kwance shi, ya dawo da wani ƙarfe da ya tsage biyu, ya ba ni lambarsa. Tare da shi wani dattijon Bafulatani ya zo, Arɗo Buba, siriri, da sanda a kafaɗa da igiya naɗe a kugu. Ya tsuguna bakin ƙofa ya ƙi kujera. Farin da ya wuce ya share masa garke kaf. Shanun da ke hannunsa yanzu na 'yan'uwa ne, irin aron da suke yi wa wanda ya rasa: a ba ka saniya ka riƙe, in ta haihu maruƙan naka ne, uwar ka mayar wa mai ita. A shekarar nan ne shanun suka haifa masa. Igiyar da ke kugunsa guntun wadda yake ɗaure maruƙan ce da safe kafin tatsa, ya zo da shi ne ya sayi irinta a kasuwa ya ƙara tsawo.

"Ɗiyata," ya ce, "ni tambayata ɗaya ce. In gyara na kusa, in zauna, muna lallaɓawa da tsohuwar rijiya, ko da ba ta isar mu. In ba ya kusa, in kaɗa su zuwa kwarin Tarka tun suna da ƙafa. Hanyar da nisa, babu ruwa a tsakani. Saniya mai ƙarfi tana yi, wadda ta rame ba ta yi. Wanne zan yi?"

Na buga lamba. Akwatin ya yi kukansa, muka jira. Allo ya ce a yi haƙuri, a sake gwadawa gobe. Na karanta masa yadda yake.

"To ai da sauƙi," in ji shi. "Wanda ya ce gobe, yana da abin a hannu."

Kada wani a cikinku ya ce me ya sa ban gane ba. Abin da ya zo shi na karanta, ban ƙara ba ban rage ba, haka aka koya mini. Washegari na sake da sanyin safiya, layin nan. Na sake da yamma, layin nan. Na gwada lambar wani ƙarfe dabam, ta wuce sumul, amsa ta dawo. A nan ne jikina ya ba ni cewa ba rediyo ba ne. Na shiga wajen Darakta na ce ya ba ni abin magana in kira Damagaram da baki.

"Madam Rabi, an kawo na'ura don a daina wannan hayaniyar. In kowa ya koma rediyo, me za mu ce wa waɗanda suka kawo ta? Ta ce a jira, a jira."

Na ba wani direba saƙo ya kai ma'ajiya. Ya dawo ya ce mai gadi ya ce masa duk buƙatar Tanut ta na'ura ake bi yanzu, ba a karɓa da hannu. Arɗo Buba kuwa duk ranar kasuwa sai ya zo, ya tsuguna a wurin nan nasa. Kowane zuwa wuyansa ya ƙara tsawo. Ya ce mini wasu sun fara tashi, shi ya tsaya, saboda shanun amana ne, ba ya son ya jefa su a hanya alhali gyara na zuwa gobe. Na ce masa, "Baba Arɗo, ni dai zuciyata ba ta kwanta da maganar nan ba." Ya nuna na'ura da sanda ya ce, "Zuciyarki ce ta faɗa, ko ƙarfen?" Na ce zuciyata. Ya yi murmushi ya ce ƙarfen ai shi ke ganin cikin ma'ajiya.

Ran da ya ce mini nonon shanu ya fara ƙafewa, ban nemi izinin kowa ba. Na rufe na'ura da zanenta, na hau motar kasuwa a kan buhunan wake, na sauka Damagaram da ƙafafu a kumbure. Na sami mai kula da ma'ajiya yana shan shayi a gindin bishiya. Na ce ya zo ya buga mini lamba ɗaya a kan tasa na'urar, ina tsaye. Ya buga yana mita. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba allo ya cika da rubutu: an daina kawo kayan wannan irin inji, ƙarfen ba zai zo ba, an sa fanfon cikin waɗanda za a sauya wa inji gaba ɗaya bayan damina, a sanar da masu shayarwa su nemi wani ruwa.

Na ce, "Tun yaushe take faɗin haka?"

"Tun kafin azumi. Ai kowa ya sani nan. Mun ɗauka ku ma tana faɗa muku, ba ga ta can kun ajiye ba?"

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Amsar tana nan cikakkiya, da sunanta da dalilinta da shawararta, duk yadda Malam Mamman ke so. Duk bugun da na yi daga Tanut, na'urar nan ta ji, ta ba da wannan amsa, amsar ta zo bakin ƙofar rediyo ta tsaya. Na je na sami Laminu a bironsa, ban ko gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Ya saurare ni, ya buɗe umarnin da ya rubuta, ya bi da yatsa, sai na ga ya cire tabarau ya riƙe kai.

Abin da ya bayyana mini shi ne abin da nake ta fama ku gane. Kun taɓa ganin matan Abzinawa za su tashi daga zango? Gado ba ya hawa raƙumi a tsaye. Kwance shi ake yi sanda-sanda, a ɗaure a jere, in an sauka wadda ta san ƙirarsa ta mayar da shi gado. Haka duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Kafin ya bi waya sai an kwance shi an jera, can kuma a sake haɗa shi. Wannan ne seriyalizasiyon da kuke furtawa da ƙyar. Laminu ya koya wa na'ura yadda za ta kwance amsa mai daɗi: akwai ƙarfe, ga yawansa, ga ranar da zai taso. Amsa marar daɗi bai koya mata ba, don lokaci ya ƙure masa, ya ce zai dawo kanta. Da ta zo aikawa ta ga abin da ba ta san yadda ake ɗaure shi ba, sai ta yar da shi ta aika lamba ɗaya tak mai nufin an gaza. Lambar nan kuwa ita ce dai wadda ake aikawa in rediyo ya yi hayaniya. Tawa na'urar ba ta da hanyar bambance "hanya ta ƙi" da "abin babu shi har abada". Duka biyun sai ta sa musu rigar ladabin Darakta.

Yanzu ku dubi naku zamanin, ku ga ko an canja wani abu ban da suna. Ka ƙera ajin kuskurenka, sai ka sa masa alamar da ke cewa ana iya kwance shi. Kalma ɗaya ce, amma ita kuke mantawa. Ka ba shi magini wanda ba ya neman komai a hannu, domin ɓangaren da ke karɓa sai ya fara tsayar da shi fanko sannan ya zuba masa kayansa. In ya nemi wannan magini bai samu ba, ya watsar. Ka duba abin da ka cusa a cikinsa. Rubutu da lamba suna tafiya. Amma Nasiru ya saka masa har da buɗaɗɗiyar hanyar da sabar ke magana da rumbun bayanai, abin da ba ya rayuwa sai a cikin na'urar da ta buɗe shi. Wannan kamar ka ce za ka ɗaure rijiya a bayan jaki ne. Abu ɗaya irin wannan ya isa ya hana duk kayan tashi. Ko ka cire shi, ko ka sa masa alamar cewa shi ɗan zaman gida ne.

Ban gama ba. A yarjejeniyar da ke tsakanin shafi da sabar sai ka rubuta ƙarara cewa wannan kira yana iya jefo wannan kuskure. In ba ka rubuta ba, tsarin zai ɗauke shi baƙo, ya tare shi a ƙofa, ya aika wa shafi gazawa marar suna. Ajin kuma ya zauna inda ɓangarorin biyu ke ganin sa, ƙira ɗaya. In ka ƙara masa wani abu a sabar ka bar shafi da tsohuwar ƙira, sandunan za su iso amma gado ba zai haɗu ba. Kada kuma ku ce Tanti ta ce a aika komai, ku kwashe cikin sabar da sirrinta ku zuba wa ma'aikaciyar jinya a allo. Ba ta buƙatar sanin layin da ya karye. Tana buƙatar sanin me ya faru, ko jira zai yi amfani, in ba zai yi ba ina za ta nufa. Gwaji kuwa, in ba daga wata na'ura dabam ka yi shi ba, kana neman abin da ka san babu, to ba ka gwada komai ba, kanka kawai ka yi wa daɗin baki.

A ranar Laminu ya nemo mota, muka kama hanya ni da shi, ba mu tsaya Tanut ba sai arewa da Tenhiya. Muka tarar da zangon babu kowa, sai toka da kashin shanu busasshe. Wata tsohuwa da ta rage a bakin tsohuwar rijiya ta ce Arɗo ya gaji da jira ya kaɗa su, amma ya makara. Muka bi sawunsu wajen Tarka. Ba sai an nuna mana hanya ba, ungulaye sun nuna. Muka juyo.

Da na koma biro na faɗa wa Darakta duk abin da na gani. Ya yi salati, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ƙaddara ce. Na ce, "Ranka ya daɗe, fari ƙaddara ne. Tsagewar ƙarfe ƙaddara ce. Amma amsar da aka ba mu muka ƙi bari ta iso, wannan aikin hannunmu ne." Bai kore ni ba, don ba ya iya korar mutum. Ya buɗe durowa ya miƙo mini abin maganar rediyo, bai dube ni ba.

Laminu ya zauna Tanut har ya gyara, ni kuma na ce ba zai taɓa maɓalli ba sai ina kallo. Kowane irin kuskure muka ba shi lambarsa, da gurbin sunan kaya, da gurbin da ke cewa a jira ko kada a jira. Muka riƙa neman ƙarafan da muka san babu su, muna murna in "babu" ta iso lafiya. A nan na fara koyon rubuta umarni, a kan bayan takardun da na ɓata da injin bugu. Daga baya aka zo da tsarin aji irin wanda Nasiru ya ƙera, aka zo da intanet, harsunan na'ura suka yi ta sauyawa ina bin su. Duk wanda ya zo, abin da nake fara tambaya shi ne yadda kuskure ke ƙetarewa a cikinsa.

Bayan ruwan farko ya sauka Arɗo Buba ya zo. Na ɗaga kai na gan shi tsugune a wurinsa na bakin ƙofa. Na fito na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da lafiya lau kamar yadda ake yi. Ya ce ya zaga gidajen masu shanu ɗaya bayan ɗaya ya faɗa musu asarar da bakinsa, babu wanda ya ɗaga masa murya, wannan ya fi yi masa ciwo. Maruƙan su suka fara mutuwa, tun kafin a kai rabin hanya.

"Ɗiyata, ban zo faɗa ba. An ce mini kin je har Damagaram. Ƙarfen nan naku, tun yaushe ya san babu?"

Na so in ce masa ban sani ba. Na so in ce a yi haƙuri. Bakina har ya ɗauko hanyar, don ita ya saba. Sai na ce, "Tun ranar da ka fara zuwa, Baba."

"Ran nan," ya ce, "duk suna iya tafiya. Har da 'yar ja mai ɗingishi."

Ya miƙe, ya kwance igiya daga kugunsa. Ba guntun ba ce yanzu, cikakkiyar ce, da sabon tsawon da ya ƙara mata, da madaukan wuyan maruƙa a jere. Ya shiga biro, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗora ta a kan na'urar.

"Ki ba ƙarfen naku. Shi ya ce in jira, shi zai san abin da zai ɗaure da ita."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Ban sake ganin sa ba.

Na'urar ta mutu tuntuni, furojen ya watse, Malam Mamman da Darakta duk sun riga mu gidan gaskiya. Igiyar ce ta bi ni duk biron da na zauna. Ita ce wadda ke rataye bayan ƙofarmu, wadda kuka ga madaukanta sun yi muku daidai kuke saƙale wayoyin caji a ciki. Wani a cikinku ya taɓa tambayata ko ado ce. Wata rana wata mata za ta tsaya a ɗakin shan magani na Falanko da yaro a baya jikinsa zafi rau, ta tambayi ma'aikaciyar jinya ko ta jira magani ko ta nemi mota zuwa Tanut tun da sauran rana. Ma'aikaciyar za ta dubi allo, ta karanta mata abin da Nasiru ya bari ya iso.

Nasiru, ka cire cajarka daga jikin igiyar nan. Ka je ka gyara ajinka, ka nemi maganin da ka san ya ƙare, sannan ka kira ni ɗaya ɗakin in gani da idona ya zo da sunansa.